Mabuɗin Akwatin Magani Yana Hannun Uwargida

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, ina rubuto muku ne daga wani ƙauyen Hausawa a ƙasar Managil, cikin jihar Jazira ta Sudan. A ƙuryar ɗakina, ƙarƙashin gadon igiya da muke kira angarib, akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Abin da ke cikinsa nawa ne, da sunana likita ya rubuta shi, amma mabuɗin yana ɗaure a gefen mayafin uwargida tun shekarar 2017. Kullum bayan sallar asuba takan buɗe, ta ɗauko ƙwaya ɗaya ta miƙo mini da ruwa, sa'an nan ta rubuta kwanan wata da sa'a a wani littafin makaranta. Labarin yadda mabuɗin nan ya bar hannuna nake son ba ku, domin na san akwai gidaje da yawa da suke da irin akwatina, suna ɓoye shi saboda kunya.

Mu nan jikokin mahajjata ne. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa suna nufin Makka, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga ya buɗe a Jazira, kuma a ƙarshen shekarun 1950 aka ja magudanun ruwa zuwa Managil. Mahaifina ya zo nan da fartanya, ni ma a cikin auduga na tashi, a cikinta kuma ƙaddara ta same ni.

A watan Fabrairu na 2011, lokacin tsinkar auduga, ina bisa babbar mota muna ɗaure buhuna sai igiya ta tsinke, na faɗo da baya a kan busasshiyar ƙasa. Aka ɗauke ni zuwa Madani, tafiyar kimanin kilomita 60, inda hoto ya nuna gaɓa biyu na ƙashin bayana sun fashe, sun danne jijiya. An yi mini aiki, kuma alhamdu lillahi na tashi da ƙafafuna. Ƙashi ya haɗe cikin watanni, ciwo kuwa ya zauna.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ciwon nan kala biyu ne. Akwai na gindin baya, mai nauyi, kamar an ɗora mini dutsen niƙa an manta ba a sauke ba. Akwai kuma na jijiya, wanda yake tasowa daga ƙugu ya bi ƙafar hagu har yatsa, wani lokaci kamar an zuba garwashi, wani lokaci kamar harbin kunama. Ba ya kumburi, ba ya jini, babu abin da zan nuna wa mai gaisuwa. A watan farko gidana ya cika da masu dubiya. A shekara ta biyu sai na fara jin ana cewa, “Har yanzu dai bayan ne?”

Bayan an gwada ƙananan magunguna ba su yi ba, likita ya rubuta mini tiramadol, kafso mai miligiram 50, sau uku a yini. Ya bayyana mini cewa dangin afiyun ne, wato yana aiki a jiki ta hanyar da morfin yake bi, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Ba zan yi wa maganin nan butulci ba. Da shi na sake tsayuwa a sahu bayan wata takwas ina salla a zaune. Da shi na koyi ɗinki, na sami abin ciyar da iyali, tunda fartanya ta fi ƙarfina. Da shi na yi barcin sa'a biyar a jere, abin da mai lafiya ba ya lissafawa cikin ni'ima. Sai dai ya zo da nasa haraji: taurin ciki wanda karkaɗe da kuɓewa ba sa warwarewa, bushewar baki, gumi, da wani nauyin kai bayan azahar.

Abin da ya fi waɗannan ciwo shi ne suna. A shekarun nan ne ƙwayar ta bazu a hannun samari, a tashoshin mota da wuraren haƙar zinariya, daga Masar har ƙasar Hausa. Sunan da likita ya rubuta a takardata shi ne sunan da ake tsinewa a huɗuba. Wata rana a kantin magani mai sayarwa ya dubi takardar, ya dube ni daga rawani har takalmi, ya ce da ƙarfi a gaban mutane, “Kai ma, ya Hajji?” Na karɓa na fita ban ce uffan ba. Daga ranar na shiga ɓoyewa. Ina cire ƙwayoyin daga kwalinsu in zuba a aljihu, ina sha a bayan ɗaki kamar ɓarawo.

Da abin ya dame ni na je wurin limaminmu, dattijo masanin fiƙihun Malikiyya, na ce, “Allah ya gafarta Malam, shin abin da nake sha giya ce da wani suna? Shin na kasa haƙuri ne?” Ya yi shiru, sa'an nan ya ce malamai sun daɗe da tattauna wannan. Ya ambaci Imam Ƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, wanda a littafinsa Alfuruƙ ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi irin giya, da mai gurɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai kwantar da mutum har ya daina ji da gani. Ya ce na farko haramun ne kaɗan ɗinsa da mai yawansa, amma sauran biyun malaman mazhabarmu sun yi sauƙi a kan gwargwadon da ba ya gusar da hankali, balle idan magani ne. Game da haƙuri kuwa, ya tunatar da ni cewa Annabi Ayyuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kuma an nuna masa ruwan da zai yi wanka ya sha. Ya rufe da cewa, “Ɗana, sharaɗin shi ne gwargwado. Ranar da ka wuce abin da likita ya yanka maka, fatawata ta bar ka.”

Na riƙe farkon maganarsa, na saki ƙarshenta. A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Wajen shekara ta huɗu sai na ga ƙwaya uku ba sa kai ni dare. Maimakon in koma wurin likita, sai na ƙara ɗaya da kaina. Lokacin sanyi na ƙara wata. Idan aikin salla ya taru a shago, sai in sha tun ciwon bai taso ba. Daga baya kuma, in faɗi gaskiya, har ranar da raina ya ɓaci nakan sha, domin na lura tana kwantar da zuciya kamar yadda take kwantar da baya. Takardar wata ɗaya ta koma ƙarewa cikin kwana goma sha biyu, sauran kwanakin ina cikewa daga hannun wani yaro a kasuwa. Iyakar da likitoci suka sa wa babba ita ce miligiram 400 a yini da dare. A farkon 2017 na wuce 500, kuma duk wanda ya tambaye ni sai in ce uku nake sha.

Jiki magayi. Ranar wata Laraba ina kan keken ɗinki sai na faɗi ina jijjiga, na ciji harshe, kumfa na fita. Ɗana na uku, yana da shekara tara a lokacin, shi kaɗai ne a shagon. Har yau idan na tuna cewa shi ya ruga yana kururuwa wai babansa ya mutu, sai in ji wani ciwon da babu ƙwayar da ke taɓa shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban likita da uwargida na faɗi adadin gaskiya. Na zaci zai kore ni ko ya yanke maganin nan take, sai ya jawo kujera ya ce, “Ya ammi, abu uku ne mutane suke haɗawa su kira da suna ɗaya.” Na farko sabo ne: jiki yana sabawa da magani har adadin jiya ya kasa yin aikin jiya. Na biyu dogaron jiki: duk wanda ya daɗe yana sha, ko waliyyi ne, idan ya bari farat ɗaya zai yi rashin lafiya. Waɗannan biyu halin jiki ne, babu zunubi a cikinsu. Na uku shi ne jaraba, kuma alamominta a ɗabi'a suke: ƙari ba da izini ba, ƙarya game da adadi, saye a ɓoye, sha don damuwa, da ci gaba alhali mutum yana ganin cutarwa. Ya ce na taka na ukun da ƙafa ɗaya. Ya ƙara da cewa tiramadol mai yawa yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma idan aka haɗa shi da maganin barci yana iya tsayar da numfashi.

Ya tsara mini ragi a hankali, kaɗan kaɗan duk bayan 'yan makonni, har na sauko zuwa huɗu a yini cikin wata bakwai. Ya haɗa ni da mai koyar da motsa jiki, ya sa ni tafiya a bakin magudanar ruwa kowace safiya, ya tsara mini yadda zan raba maganin tsakanin buɗa baki da sahur a watan azumi. A ranar ce kuma na sayi akwati da kwaɗo, na miƙa wa uwargida mabuɗi. Wani abokina ya ce, “Yanzu mace ce za ta riƙa auna maka?” Na ce masa shekara ashirin tana auna mini gishiri a miya ban taɓa ƙorafi ba.

Shekara shida muka yi a haka cikin rufin asiri, duk wata ina zuwa Madani in sabunta takarda. Sai yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023, tsakanin soja da dakarun RSF. Magani ya yi tsada, amma ana samu, domin likitoci da marasa lafiya na Hartum Madani suka dawo. A watan Disamba na wannan shekara Madani ita ma ta faɗi. Cikin 'yan kwanaki Managil da ƙauyukanta suka cika da 'yan gudun hijira, makarantu suka zama gidaje. Likitana ya bar gari, ban san inda ya nufa ba. Uwargida ta buɗe akwati muka ƙirga: ƙwaya 60, abincin kwana goma sha biyar.

Cikin waɗanda suka sauka a makarantar ƙauyenmu akwai wata baiwar Allah ma'aikaciyar kantin magani, da kuma wata tsohuwa mai ciwon daji na nono, wadda take karɓar morfin a cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira kafin hanya ta yanke. Nishin tsohuwar nan da dare yana ƙetare katanga. Uwargida ta zo ta durƙusa ta ce, “Malam, a ba ta daga naka?” Ina jin kunyar faɗa, amma sai da na yi dare guda ina kokawa da zuciyata. Da safe muka tambayi ma'aikaciyar, ta ce a wannan hali a ba ta goma ta hannunta, ita za ta lura da ita. Sun ɗan rage mata, ba su kai inda morfin yake kaiwa ba. Ta rasu a watan Janairu, Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Sauran 50 ɗin ma'aikaciyar ta tsara mana: uku a yini har kwana shida, biyu har kwana takwas, ɗaya har kwana goma sha shida. Duk da wannan dabara, da suka ƙare na ɗanɗana kuɗata. Hamma ba iyaka, hawaye da majina kamar mai mura, gumi a cikin sanyin Janairu, gudawa, ƙafafu suna ƙin zama wuri ɗaya, ga wani firgici da ke taso mini ba dalili. A kwana na huɗu na hau amalanke zuwa kasuwa, na sayi ƙwaya biyu irin mai lamba 225, wadda ba a san wanda ya yi ta ba balle abin da ke cikinta. Na sa a aljihun jallabiya na dawo, ina jiran gida ya yi barci.

Uwargida ta riga ni, domin ta ɗauki rigar za ta wanke. Bayan isha ta shigo ta ajiye ƙwayoyin a kan akwati, ta ɗauko littafi da alƙalami, ta ce, “Malam, ga abin da na tsinta. Ba ni da ikon hana ka. In za ka sha, ka sha a gabana in rubuta, kamar yadda muka saba.” Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Na dubi littafin nan mai shekara shida babu ƙarya a cikinsa, na tuna yaron da ya ruga daga shago. Na tashi da kaina na jefa su a masai. Daren nan ban runtsa ba, ita ma ba ta runtsa ba, tana ɗumama yashi a kasko tana ƙullawa a tsumma tana ɗora mini a baya.

Bayan kamar kwana goma wahalar bari ta lafa, sai na ga abin mamaki. Ciwon yana nan, amma bai fi na lokacin da nake shan huɗu da wani abin kirki ba, kaina kuma ya washe, cikina ya saki. Daga baya wani likita ya gaya mini cewa a 2018 an buga wani bincike a Amurka kan mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko gwiwa ko ƙugu: bayan shekara guda, waɗanda aka ba dangin afiyun ba su fi waɗanda aka ba sauran magunguna samun sauƙi ba. Ya ce har akwai waɗanda daɗewa a kan ƙwayar ke ƙara musu jin zafi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa maganin ba shi da amfani. Tsohuwar makarantar nan hujja ce a kaina. Duniya ta kasu biyu a kan wannan al'amari. A Amurka, inda aka yi ta rubuta shi ba awo, fiye da mutum 80,000 suka mutu a 2021 ta dalilin dangin afiyun. A ɓangarenmu kuwa, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rabawa. Ga kasuwa cike da jabu a hannun yara, ga mai ciwon daji yana mutuwa da kururuwa. Kuma gyara mai yiwuwa ne: a Yuganda, tun 1993 Dokta Anne Merriman ta fara haɗa morfin na ruwa mai araha ana kai wa marasa lafiya har gida, bisa awo da rubutu.

Soja sun karɓe Madani a watan Janairu na 2025, daga baya na sami likitan da ya sake duba ni. Mun daidaita a kan ƙwaya ɗaya da safe, da izinin ƙara ɗaya idan sanyi ya tsananta, tare da farasitamol da tafiya da yashi mai ɗumi. Ban warke ba, kuma na daina jiran ranar da zan tashi babu ciwo. Ina ɗinki rabin yini, ina sallar farilla a tsaye, nafila a zaune.

Ya ku iyaye da ma'aurata, ga abin da shekarun nan suka koya mini. Idan akwai mai daɗaɗɗen ciwo a gidanku, ku gaskata shi ko da ba ku ga rauni ba. Kada ku kira shi ɗan ƙwaya, domin gori ne ya kai ni bayan ɗaki, a bayan ɗaki kuma uku ta zama goma. Kada kuma tausayi ya sa ku bar shi shi kaɗai da kwalin magani. Likita ɗaya, takarda ɗaya, akwati mai kwaɗo nesa da yara, da amintaccen mutum mai rubutawa. Kada a ƙara sai da likita, kada a yanke farat ɗaya, kada a saya a kasuwa. Idan kun ga barcin da ya wuce kima, ko numfashi yana ja a hankali, ko jijjiga, ku nufi asibiti ba tare da jira ba. Kai kuma ɗan'uwana mai ciwo, faɗi adadin gaskiya, ko da sau ɗaya, ga mutum ɗaya. Daga nan sauƙi yake farawa.

A bara uwargida ta kwance mabuɗin daga mayafinta ta miƙo mini, ta ce ai yanzu na isa in riƙe. Na mayar mata, na ce ta ci gaba da riƙewa, ni na san kaina.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya zaunar da Sudan da sauran ƙasashen Musulmi lafiya.